Kwana Nawa Ne Daga Iskandariyya Zuwa Rum?

Sharhin yau ya shafi tsohuwar duniyar Girkawa da Rumawa, da irin aikin da kwamfuta da tauraron ɗan'adam suke yi wa masu neman sanin garuruwanta da hanyoyinta.

A shekara ta 301 Miladiyya tsadar kaya ta addabi daular Rum. Soja zai karɓi albashinsa, ya shiga kasuwa sau ɗaya, ya fito hannu rabbana. Sarki Diyokiletiyan ya ga abin ya kai intaha, sai ya kafa dokar ƙayyade farashi, ya yanka kuɗin kaya da ayyuka fiye da 1,000: alkama, man zaitun, takalmi, ladan wanzami, ladan malamin makaranta, har da zakin da ake kaiwa filin wasa. Wanda ya sayar sama da haka, hukuncinsa kisa. Aka sassaƙa dokar a jikin duwatsu, aka kakkafa a garuruwa. Dokar ba ta je ko'ina ba, domin 'yan kasuwa ɓoye kayansu suka yi. Duwatsun ne suka yi ƙarko, kuma a cikin gutsattsarin da aka tono a kufan Aphrodisias, a Turkiyya ta yau, aka samu jerin kuɗin dakon kaya a teku, daga wannan tashar jiragen ruwa zuwa waccan.

Ga abin da jerin ya nuna. Babban mudun alkama da sojoji suke awo da shi, dinari 100 ne, dinarin Rumawa na lokacin, wanda darajarsa ta riga ta faɗi warwas. Ɗauko mudun nan a jirgin ruwa daga Iskandariyya ta Masar har birnin Rum, tafiyar da ta haura kilomita 2,000, dinari 16 ne kacal. A tudu kuwa, amalanken shanu maƙare da kaya yana cin dinari 20 a kowane mil guda, raƙumi dinari 8, jaki dinari 4. Wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, A.H.M. Jones, ya yi lissafin nan tuntuni, ya ce ɗauko hatsi daga wannan ƙarshen Bahar Rum zuwa wancan ya fi arha a kan a ja shi mil 75 a amalanke.

Lissafin hanya ɗaya ke nan, da alƙalami da takarda. To idan ana son lissafin dukkan hanyoyin daular fa, a kowane wata na shekara, da kowane irin abin hawa?

Wannan ne aikin da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 2012 masanin tarihi Walter Scheidel da gwanin kwamfuta Elijah Meeks suka buɗe wani shafi a intanet mai suna ORBIS. Sun zuba masa garuruwa da tashoshi da mashigai fiye da 600, da hanyoyin ƙasa na kimanin kilomita 85,000, da koguna da magudanan da jirgi ke bi na kimanin kilomita 28,000, da ɗaruruwan hanyoyin teku, duk kamar yadda suke wajen shekara ta 200 Miladiyya. Suka ƙara da bayanin iskar da ke kaɗawa a teku wata bayan wata, da farashin dokar Diyokiletiyan, sannan suka yanka wa kowace tafiya saurinta. Amalanken shanu kilomita 12 a yini. Mai tafiya a ƙasa da ayarin raƙuma kilomita 30. Mahayin doki 56. Manzon sarki da ake canza masa doki zango-zango, dare da rana, 250. Mutum zai zaɓi garin tashi da garin sauka, ya zaɓi wata, ya ce hanya mafi sauri yake so ko mafi arha, cikin ƙiftawar ido shafin ya ba shi kwanaki da kuɗi. Kyauta ne, kowa na iya shiga.

Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a Kano ko Damagaram ya san fasinja ba ya tambayar kilomita. Awa nawa ne, nawa ne kuɗin mota, hanya lafiya? Haka Barume yake tambaya, kuma taswirar da aka saba ratayewa a bangon aji ba ta amsa masa. A taswirar aji, Milan da ke arewacin Italiya tana kusa da Rum, kimanin kilomita 600 ta hanya, Kartaj ta Tunisiya kuwa tana can hayin teku a wata nahiya. Amma a raba 600 da 12, za a ga amalanken hatsi sai ya yi kwana 50 kafin ya isa Milan, mai ƙafa kuma kwana 20. Gaɓar Afirka fa? Marubucin Rumawa Pilini ya kawo labarin jirgin da ya tashi daga Ostia, tashar birnin Rum, ya isa can a kwana na biyu, da wani da ya tashi daga tashar Puteoli ta Italiya ya sauka Iskandariyya a kwana tara. Ashe ga mai sayar da hatsi, Afirka ce maƙwabciyar Rum. Shi ya sa birnin, mai mutum kusan miliyan ɗaya, ya dogara da alkamar Masar da ta Arewacin Afirka, alhali yana zaune a tsakiyar gonakin Italiya.

Shafin ya kuma fito da wani abu da taswirar takarda take ɓoyewa: zuwa da dawowa ba ɗaya ba ne. A lokacin zafi iska daga arewa maso yamma take busowa, ta tura jirgi zuwa Masar cikin sauƙi. A komowa sai jirgin ya yi ta kokawa da ita, yana raɓe-raɓe ta gaɓar Siriya da Turkiyya da tsibirin Kirit, tafiyar ta kai wata guda ko biyu. Da hunturu kuwa yawancin jirage ajiye aiki suke yi. Vegetius, wanda ya yi rubutu kan harkar soja, ya ce daga 11 ga Nuwamba zuwa 10 ga Maris teku a rufe take. Wato daular tana tsukewa da zafi, tana ƙara faɗi da sanyi, kuma umarnin sarki ma da wannan ma'auni yake tafiya.

Sai dai a yi hattara. Kwanakin da ORBIS ke bayarwa matsakaicin lissafi ne. Bai san ɗan fashin teku ba, bai san matafiyin da ya yi mako uku a tasha yana jiran jirgin da zai nufi inda za shi ba, kuma farashin da ya dogara da shi na dokar da 'yan kasuwa suka ƙi bi ne, wadda aka kafa shekara 100 bayan zamanin da taswirar take nunawa. Masu shafin ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi dalla-dalla. Laifin yana zuwa ne daga mai karatu da ya ga lamba a fuskar kwamfuta ya ɗauke ta kamar yankan wuƙa.

Kafin a auna tazarar gari da gari, dole a san inda kowane gari yake, kuma wannan aiki ya fi cin rai. Daga 1988 zuwa 2000 Richard Talbert na Jami'ar North Carolina ya jagoranci masana da dama suka haɗa kundin taswirori 102 na duniyar Girkawa da Rumawa, wanda ake kira Barrington Atlas. Shekara 12 cur. Amma littafi da an buga shi ya tsaya, tono kuwa ba ya tsayawa. Saboda haka aka kwashe sunayen da ke ciki aka zuba a wani shafi mai suna Pleiades, wanda yanzu yake ɗauke da wurare fiye da 35,000, kuma masana na ci gaba da gyara da ƙari. Hikimar shafin ita ce kowane wuri an ba shi lambarsa ta dindindin. Garuruwan da ake kira Iskandariyya sun fi goma, daga Masar har Afganistan. Turabulus biyu ne sanannu, ta Libiya da ta Lebanon. Istanbul ta amsa sunan Bizantiyon, ta amsa Ƙusɗanɗiniyya. Mutum yana gane wanne ake nufi daga zancen, kwamfuta kuwa sai da lamba. Da wannan lamba ce gidan tarihi mai tsabar kuɗin da aka buga a wani gari, da ɗakin karatu mai littafin da ya ambaci garin, da masu tono da suka haƙa kufansa suke haɗuwa wuri guda, ko da ɗaya yana Jamus ɗaya yana Amurka. Aikin haɗa su, wanda ake kira Pelagios, ya fara a 2011.

Wannan buri na a ba kowane gari lamba tsoho ne ƙwarai. Wajen shekara ta 150 Miladiyya, a Iskandariyya, wani malamin taurari da Larabawa suka sani da Batlaimus, Turawa kuma suke ce masa Ptolemy, ya rubuta littafin labarin ƙasa mai sunayen wurare kusan 8,000, fiye da 6,000 daga ciki da lambobin da ke nuna matsayinsu gabas da yamma, kudu da arewa. Nufinsa shi ne duk wanda ya samu lambobin ya iya zana taswirar da kansa, domin ya san zane yana lalacewa a hannun masu kwafi. Amma ya yi tuntuɓe tun daga tushe. Shekara kusan 400 kafinsa, Eratosthenes, shugaban ɗakin karatun Iskandariyya, ya auna inuwar rana a birnin ya gwada da ta Aswan, ya ce kewayen duniya awon Girkawa 252,000 ne. Batlaimus ya ɗauki 180,000. Da duniyarsa ta ƙanƙance, sai ƙasashe suka miƙe a kanta fiye da kima. Bahar Rum, wadda tsawonta bai wuce digiri 42 ba, ya ba ta 62.

Malaman Musulunci na cikin waɗanda suka fara gyara masa. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 833, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta Kitabu Suratil Ardi, ya jera wurare kimanin 2,400 da lambobinsu, ya rage wa Bahar Rum kusan digiri 10. A lokacin Turai ta yamma ba ta ma san littafin Batlaimus ba. Sai a farkon ƙarni na 15 aka fassara shi zuwa Latin.

Ga wata matsalar kuma. Kwafin Girkanci mafi tsufa da ake da shi a yau an rubuta shi ne wajen 1300, shekara fiye da 1,100 bayan marubucin. Girkawa da haruffa suke rubuta lamba, kamar hisabin abajada, kuma harafi ɗaya ya goge ko ya karkace, gari ya yi ƙaura. A nan lissafin kwamfuta ya shigo. Wasu masana a Jami'ar Fasaha ta Berlin, cikinsu har da masu awon ƙasa da masu lissafi, suka lura cewa kurakuran Batlaimus ba a warwatse suke ba. Gungun garuruwa sukan goce tare, gefe guda, da tazara iri ɗaya, alamar daga rahoton matafiyi ɗaya ko taswirar soja ɗaya ya kwaso su. Idan an san ainihin wurin gari biyu ko uku a gungun, ana iya jawo sauran su koma mazauninsu. A 2010 suka fitar da sakamakonsu kan wurare 94 da ya ambata a ƙasar Jamus, suka kuma ce tsibirin Thule, ƙarshen duniya ta arewa a wurin mutanen da, shi ne Smøla da ke gaɓar Norway. Dabarar tana da kyau. Amma masu tonon kufai da yawa ba su gamsu ba, kuma suna da hujja: lissafi yana nuna inda ya kamata a duba, tabbatarwa kuwa sai an sa diga an ga tubali ko tukunya.

Wani lokaci kallo daga sama yana rushe abin da aka daɗe ana koyarwa. A shekarun 1920 da 1930 wani limamin Kirista Bafaranshe, Antoine Poidebard, ya yi ta shawagi a ƙaramin jirgin sama a kan hamadar Siriya yana ɗaukar hoto. A 1934 ya buga littafi mai sansanonin Rumawa 116, ya ce jere suke daga kudu zuwa arewa, katanga ce ta tare Farisawa da makiyayan hamada. Haka aka riƙe kusan shekara 90. A 2023 Jesse Casana da abokan aikinsa na Kwalejin Dartmouth suka duba hotunan leƙen asiri da taurarin ɗan'adam na Amurka suka ɗauka a shekarun 1960 da 1970, waɗanda aka fara sakin su ga jama'a a 1995. Darajar hotunan ita ce an ɗauke su kafin madatsun ruwa da manyan gonaki da faɗaɗar birane su shafe kufai. Suka ƙirga ƙarin sansanoni 396, kuma a baje suke daga yamma zuwa gabas, daga Siriya har bakin kogin Dijla a Iraƙi. Masanan suka ce tsarin ya fi kama da zangunan tsaron ayari da isar da saƙo. Poidebard ya ga layi ne saboda layin da jirginsa ya bi ke nan.

A Italiya kuma, a Falerii Novi da ke kilomita 50 arewa da Rum, masana daga jami'o'in Cambridge da Ghent sun ja na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa a kan hekta 30 da rabi, suka fitar da taswirar gari sukutum a 2020, da gidan wanka da kasuwa da wurin bauta da bututun ruwa, ba tare da sun tona rami ko ɗaya ba.

Aikin da ya fi cancantar yabo a wannan fage shi ne wanda aka fitar a watan Nuwamba na 2025, mai suna Itiner-e, ƙarƙashin Tom Brughmans na Jami'ar Aarhus a Denmark da Pau de Soto na Barcelona da abokan aikinsu. Sun tattara rahotannin tono, da duwatsun mil da Rumawa suke kafawa a bakin hanya, da tsoffin taswirori, da hotunan sama, suka zana hanyoyin daular na kilomita 299,171, inda a da ake da kimanin 188,500 a kwamfuta. Jaridu sun yi ta yayata wannan adadi. Amma akwai adadin da ya fi shi muhimmanci, wanda masu aikin suka faɗa da bakinsu: abin da aka tabbatar da ainihin inda ya bi bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kusan kashi 90 an san akwai hanya amma kirdadon layinta aka yi, ragowar kashi 7 kuma hasashe ne. Kowane yanki na hanya an liƙa masa matsayinsa da madogararsa. Wannan shi ne aikin ilimi na gaskiya. Layi a fuskar kwamfuta yana fitowa sumul, mai kyan gani, ko an tono shi ko an ƙaga shi, kuma mai kallo ba zai bambance ba sai an gaya masa. Duk taswirar da ba ta faɗi iyakar saninta ba, a yi mata kallon tsanaki.

Yanzu a juyo kudu, inda labarin ya matso kusa da gida. A Fazzan ta kudancin Libiya, yankin Murzuƙ da fataken Kano da Barno suka sani sarai, an yi wasu mutane da Girkawa suka kira Garamantes. Herodotus ya ambace su tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, da kekunan yaƙinsu masu doki huɗu. Marubutan Rumawa sun fi nuna su a matsayin 'yan hari marasa gari. A 2011 David Mattingly da tawagarsa ta Jami'ar Leicester suka sanar cewa hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna musu ƙauyuka da gonaki masu ganuwa fiye da 100, da garuruwa da dama, yawancinsu na tsakanin shekara ta 1 zuwa ta 500 Miladiyya. Da suka je ƙafa da ƙafa, sun tarar da bangon tubalin laka da ya kai mita 4 yana tsaye. Mutanen sun haƙa ɗaruruwan magudanan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, sun noma alkama da dabino da inabi a tsakiyar Sahara, kuma a kaburburansu an samu tulunan giya da mai da kayan gilashi na Rumawa. Babban birninsu Garama, ita ce Jarma ta yau.

Daga Garama ɗin nan ne wata tafiya ta tashi wadda har yau ba a warware ta ba. Batlaimus ya kawo labarin wani Julius Maternus, wanda ya taso daga Leptis Magna a gaɓar Libiya wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya bi sarkin Garamantes suka yi kudu wata huɗu, suka isa wata ƙasa mai suna Agisymba inda karkanda suke taruwa. Ina ce Agisymba? Wasu masana sun ce yankin Tafkin Chadi, wasu duwatsun Azbin, wasu Tibesti. A gwada ma'aunin ORBIS: kilomita 30 a yini har wata huɗu ya ba da 3,600, alhali daga Jarma zuwa Tafkin Chadi kimanin 1,400 ne a miƙe. Batlaimus da kansa ya ƙi yarda da irin wannan lissafi, ya ce matafiya ba sa tafiya kullum ba hutu, ba sa kuma miƙewa ɗoɗar. Gaskiyarsa. Sarkin da ya fita yaƙi yana tsayawa a rijiya, yana ratsewa, yana jiran labari. Don haka babu wata hujja da za a ce Rumawa sun taka ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya faɗi haka ya wuce abin da aka sani.

Amma tambayar a buɗe take, kuma irin tambayar da waɗannan dabaru za su iya ragewa ce, idan aka haɗa su da sanin ƙasa. Ina rijiyoyin suke tsakanin Fazzan da Kawar? Kwana nawa ayari yake yi daga Bilma zuwa Agadas, ko daga Bilma zuwa bakin tafki, kuma a wane wata? Taswirorin da aka ambata a wannan sharhi duk suna dusashewa da zarar an wuce Fazzan, domin masu yin su sun tsaya inda littattafan Girkanci da Latin suka tsaya. Amsoshin suna wurin madugan da har yau suke kai ayarin gishiri Bilma, da cikin littattafan Larabci da na ajami da ke ajiye a gidajen malamai. Kira ga sassan tarihi da na labarin ƙasa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram: ORBIS da Pleiades da Itiner-e duk kyauta ne, waya mai intanet ta isa a buɗe su, Pleiades kuma yana karɓar gyara da ƙari daga duk mai hujja. A sa ɗalibai su koyi aikin, su zauna da dattawan da suka bi hanyoyin nan tun suna da rai, a rubuta zanguna da rijiyoyi da kwanakin tafiya, kowanne da madogararsa.